Babi na Uku: Yadda Numfashi Ke Zama Waƙa

A shekarar 1854, a birnin Faris, wani malamin koyar da waƙa ɗan asalin ƙasar Sifen mai suna Manuel Garcia ya sayi ƙaramin madubi mai dogon mariƙi, irin wanda likitocin haƙori ke sa wa mutum a baki. Ya ɗumama shi a ruwan zafi don kada tururin numfashi ya dusashe shi, ya kai shi can ƙuryar bakinsa ya jingina da beli, sannan ya ɗauki madubin hannu ya karkato hasken rana ciki. Yana ɗaga murya sai ga abin da ya shafe shekaru yana koya wa mutane sarrafa shi ba tare da ya taɓa ganinsa yana aiki ba: wasu 'yan leɓɓa biyu farare, suna haɗuwa idan ya yi sauti, suna warewa idan ya ja numfashi. Da shekara ta zagayo aka karanta rahotonsa a gaban ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society a Landan, kuma ba a jima ba likitoci suka mayar da wannan madubi kayan aikin asibiti. Garcia ya san darajar abin da yake nema. Shi kansa ya hau dandalin waƙa yana matashi, muryarsa ta samu rauni, ya sauka ya koma koyarwa har ya rasu a 1906 yana da shekara 101.

Waɗannan 'yan leɓɓa su ne ɗaliban Hausa suka sani da sunan tantanin maƙwallato. Idan mai karatu ya ɗora yatsa a kan zakaran wuyansa, guringuntsin da ya taɓa shi ne bangon gaba na maƙwallato. Tantanin yana ciki, a kwance daga gaba zuwa baya, daidai bakin hanyar da iska ke bi zuwa huhu. Ta gaba a haɗe suke. Ta baya kowanne yana liƙe da ɗan guringuntsinsa mai juyawa, wanda ke ware su ko ya tsuke su. Tsawonsu a jikin baligin namiji milimita 17 ne zuwa 25, a jikin mace kuwa kamar 12 zuwa 17. Duk abin da kunne ya taɓa ji daga bakin Mamman Shata ko Ummu Kulsum ta Masar, daga wannan ɗan nama ya faro.

Babban aikin maƙwallato kuwa gadin huhu ne. Duk haɗiyar da mutum zai yi sai maƙwallaton ya ɗaga sama, tantanin ya rufe gam, wani murfi na guringuntsi ya kifo a kansa, loma ta bi ta baya ta nufi ciki. Ranar da ɗigon ruwa ya kuskure hanya sai mutum ya ƙware, tari ya turnuƙe shi. Mai ɗaga buhun masara da mai naƙuda su ma tantanin ne ke rufewa ya tare musu iska a ƙirji har su samu ƙarfin nishi. A riƙe wannan, za mu buƙace shi idan muka zo kan maganar zuma da man shanu.

Tun kafin madubin Garcia mutane sun daɗe suna laluben inda murya take. Jalinus, likitan Girkawa da ya yi aiki a Rum a ƙarni na 2, ya kawo alade gaban jama'a yana ta kururuwa, ya yanke wata siririyar jijiya a wuyansa. Nan take dabbar ta yi tsit alhali tana numfashi tana shure-shure. Da haka ya nuna cewa daga ƙwaƙwalwa umarnin murya ke fitowa. Tafiyar wannan jijiya abin mamaki ce: ta sauko daga ka, ta wuce maƙwallato ta gangara ƙirji, ta zagaye babbar hanyar jini, sannan ta juyo ta hau. Wajen hawan tana bi ta bayan ƙullin nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo, shi ya sa likitan da zai yi wa mutum aikin maƙoƙo yake gaya masa tun farko cewa muryarsa na iya taɓuwa. A ƙarni na 11 Ibn Sina ya rubuta ɗan littafi a kan dalilan fitar haruffa, ya bayyana guringuntsin maƙwallato da tsokokin da ke motsa su. A 1741 kuma Bafaranshe Antoine Ferrein ya ciro maƙwallaton gawa ya hura masa iska, sai ga sauti. Ya ɗauka tantanin tsirkiya ne, iska kuma baka ce mai gogarsa. Ya kusa, amma bai kai ba.

Ga abin da ke faruwa. Mawaƙi ya ja numfashi, ya haɗa tantanin biyu suka toshe hanya. Iska ta taso daga huhu ta tarar da ƙofa a rufe, ta taru a ƙasa har ƙarfinta ya rinjayi na naman, ta ɓamɓare shi daga ƙasa zuwa sama, kaɗan daga cikinta ta fice. Ficewarta ke da wuya ƙarfin da ke ƙasa ya ragu. Naman mai danƙo ne, yana son komawa mazauninsa, ga iskar da ke kutsawa da gudu ta wurin ƙunci tana zuƙo gefunansa ciki. Sai su sake haɗuwa, ƙasa ta riga sama rufewa. Iska ta sake taruwa, ta sake ɓamɓarewa. Wannan buɗewa da rufewa ita ce zizar da ake karantawa a darasin furuci, kuma murya ita ce iskar da ake yankawa gutsi-gutsi ɗin nan, sau ɗari ko ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda.

A 1950 wani masani Bafaranshe, Raoul Husson, ya ce ai kowace buɗewa ɗaya sai ƙwaƙwalwa ta aiko da saƙonta ta jijiya. Aka yi shekaru ana ja, har Janwillem van den Berg na ƙasar Holan ya fitar da cikakken bayani a 1958 wanda masana ke kansa har yau. Hujja mafi sauƙi tana nan tun zamanin Ferrein: maƙwallaton gawa ba shi da mai aiko masa saƙo, amma yana fitar da sauti in an hura shi. Aikin tsoka ta saita tantanin, ta haɗa shi, ta ja shi daidai gwargwado. Kaɗawar kuwa iska ce ke yin ta. A ganina babu darasin da ya fi wannan amfani ga mai koyon waƙa ko ƙira'a. Yawancin waɗanda za ka ga sun shaƙe wuya, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, fuska ta yi jawur, suna ta faman yin aikin da iska za ta yi musu kyauta ne.

Likitan Japan Minoru Hirano ya ƙara haske a 1974, da ya nuna cewa tantanin hawa-hawa ne: tsoka a ciki, wani abu mai taushi da santsi a kanta, sannan siririyar fata mai danshi a sama. Wannan sashe na sama shi ke yin igiyar motsi idan iska ta wuce, kuma zaƙin murya ko kaushinta galibi a nan yake.

Hawan murya da saukarta ya danganta da yawan kaɗawar. Namiji cikin hirarsa ta yau da kullum tantaninsa kan kaɗa kamar sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa, na mace kamar sau 200 zuwa 220, na ƙaramin yaro yakan kai 300. Sautin da makaɗan Turai ke saita kayan kiɗansu da shi sau 440 ne. A cikin wani wasan waƙe da Mozart ya tsara a 1791 akwai gurbin da dole mace ta kai kusan sau 1,400.

Wanda ya taɓa kallon makaɗin kalangu ya riga ya san dabarar. Ya matse tsirkiyoyin a hammata, fata ta ɗaure, sauti ya hau. Ya sassauta, sauti ya sauka. A maƙwallato tsoka iri biyu ke wannan ja-in-ja. Ɗaya tana waje ta gaba, idan ta ɗaure sai ta karkato guringuntsin zakaran wuya, tantanin ya miƙe ya sirance, murya ta yi sama. Ɗayar tana cikin tantanin kansa, idan ta ɗaure sai ya gajarce ya yi kauri, a samu cikakkiyar muryar nan da ake jin rugugunta a ƙirji. Idan namiji ya maƙe murya yana kwaikwayon mace, ya sakar wa ta wajen ragama ne, bakin tantanin kawai ke kaɗawa. Tsakanin biyun akwai wata gaɓa inda muryar ɗan koyo ke karyewa ta yi tsalle ba da son ransa ba. Gwani shi ne wanda ya koyi miƙa aiki daga wannan tsoka zuwa waccan sannu-sannu, ta yadda mai sauraro ba zai gane inda aka yi musayar ba. Wannan kan ci shekaru. 'Yar rawar nan da ake ji a muryar ƙwararru idan sun ja sauti, hawa da sauka ce kaɗan-kaɗan sau 5 zuwa 7 a daƙiƙa, kuma tana zuwa ne idan wuya ya saki.

Bahaushe ya shigo wannan fage da jarinsa a hannu. Harshenmu na karin sauti ne. Kuka na hawaye da kuka ta miya baƙaƙensu da wasulansu ɗaya, saukar murya a gaɓa ta biyu ce ta raba su. Yaron da ya iya Hausa ke nan ya riga ya iya ja da sakin tantaninsa a kan kowace gaɓa. Ɗora yatsa a wuya ka ce ƙa, za ka ji maƙwallato ya zabura sama ya tunkuɗo iska, ka ce ɓa ko ɗa ka ji ya ɗan yi ƙasa. Sai dai karin nan yana ɗaure mawaƙinmu ta wata fuskar. Idan ya yawaita hawa a inda magana ta sauka, kunnen Bahaushe zai ji an yi wa kalma rauni. Shi ya sa a waƙoƙin makaɗan baka za ka ji karin waƙar yawanci yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da karin maganar.

Lokacin balaga sinadarin namiji kan girmar da maƙwallato, zakaran wuya ya fito, tantanin ya ƙara tsawo da kauri, yawan kaɗawarsa ya ragu da kusan rabi. Fashewar muryar samari ke nan, kuma a 'yan watannin nan bai kamata malami ya tilasta wa yaro kai inda yake kaiwa da ba. A Italiya an yi ƙarnoni ana yi wa wasu yara maza dandaƙa kafin su balaga don muryarsu ta tsaya siririya a cikin ƙirjin babban mutum. Na ƙarshensu da ya shahara, Alessandro Moreschi, an naɗi muryarsa a faifai a 1902 da 1904. Zalunci ne da aka yi da sunan fasaha.

Sai numfashi. Mutumin da ke zaune yana hutawa kan ja kamar rabin lita na iska sau 12 zuwa 20 a minti. Mawaƙi yana juya wannan tsari: ya ja da yawa cikin ƙiftawar ido, ya saki a hankali. Faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki ita ke sauka ta jawo iska, shi ya sa cikin mai numfashi daidai yake turowa gaba, kafaɗunsa ba su ɗaga ba. Wuyar aikin tana wajen saki. Huhun da ya cika so yake ya fyace gaba ɗaya, don haka tsokokin jawo iska na haƙarƙari sai su ci gaba da riƙewa suna taka masa birki, can da iska ta yi ƙasa tsokokin ciki su karɓa su riƙa turowa. Abin da ake nema shi ne ƙarfin iskar da ke ƙarƙashin tantanin ya tsaya bai ɗaya daga farkon baiti har ƙarshensa. Masu sauraron ƙira'ar Abdulbasit Abdussamad, wanda ya rasu a 1988, kan yi mamakin tsawon numfashinsa su ce huhunsa ya fi na kowa. Girman huhu yana taimakawa, amma tattali ya fi shi. Tantanin da ke rufewa da kyau iska kaɗan yake ci, wanda ke barin kafa kuwa iska na zurarewa a banza, murya ta fito da huci, numfashi ya ƙare a tsakiyar aya. Tsarin waƙarmu na jagora da 'yan amshi ma yana da amfani ta nan: duk lokacin da amshi ya karɓa, jagora ya samu ya cika huhu, tantaninsa ya ɗan huta.

Da za a iya sauraron tantanin shi kaɗai, ba tare da wuya da baki a samansa ba, wani zuuu marar daɗi za a ji. Abin da ke mayar da shi murya shi ne kogon da ya taso daga maƙwallato zuwa leɓɓa, mai tsawon kamar santimita 17 a jikin namiji. Sautin da tantanin ke fitarwa tarin sautuka ne a goye da juna: na tushe, da mai ninkinsa biyu, da mai uku, har sama. Kogon yana ƙarfafa wasu ya danne wasu, gwargwadon siffarsa a wannan lokaci. Gunnar Fant na ƙasar Suwidin ya shimfiɗa lissafin wannan a littafinsa na 1960. Ja sauti ɗaya ba hawa ba sauka, ka riƙa cewa a, i, u. Tantanin bai canza komai ba, harshe da muƙamuƙi da leɓɓa ne suka sake wa kogon siffa. Kuma da yake babu mutum biyu masu kogo iri ɗaya, uwa kan gane muryar ɗanta ta bayan katanga.

A nan sirrin muryar da ke kai nesa yake. Johan Sundberg, shi ma ɗan Suwidin, ya yi nazarin yadda namiji ɗaya ke rera waƙa a gaban makaɗa masu ɗimbin yawa ba lasifika, a kuma ji shi har kujerar ƙarshe. Ya gano cewa irin waɗannan mawaƙa kan sauke maƙwallato su buɗe ƙasan maƙoshi, sai sautukan da ke wajen kaɗawa 3,000 a daƙiƙa su samu ƙarfi na musamman. A wannan yanki kayan kiɗan sun yi rauni, kunnen ɗan Adam kuma a nan ya fi ji. Mawaƙin bai fi makaɗan ƙara ba, ya dai bi ta inda suka bari a buɗe. Mata masu hawa can ƙololuwa kuwa hangame baki suke yi don kogon ya dace da sautin, kuma kuɗin da suke biya shi ne wasula su cakuɗe, a daina gane kalma. Makaɗin fada ba zai yarda da wannan ciniki ba, don maganar ita ce hajarsa. Saurari Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo a kan kotso, za ka ji murya mai kaifi a gaba-gaban baki, tana ratsa kiɗa kowane harafi na fita tar. Ladanin da ya gane wannan zai kai kiransa unguwa ta gaba ba tare da ya tsage maƙoshi ba.

Iyakar abin da kogon zai iya yi sai a je Tuba, a kudancin Saibiriya, da maƙwabciyarta Mongoliya. Makiyayan can kan riƙe sauti ɗaya mai kauri, su tsuke kogon da harshe har ɗaya daga cikin goyayyun sautukan nan ya fito fili shi kaɗai yana fito a sama, su riƙa sauya shi suna rera kari. Mutum ɗaya ne, amma sauti biyu ake ji a lokaci guda.

Duk wannan aiki kunne ke jagorancinsa. Mawaƙi ba ya ganin tantaninsa, ji yake yi ya gyara tun kafin mai sauraro ya lura. Kuma abin da yake ji ya bambanta da abin da muke ji, don wani sashe na muryarsa ta ƙashin kai yake isa kunnensa, da ƙarin kauri. Dalilin ke nan da mutum kan ƙi muryarsa ranar da ya fara jin ta a waya. Tun da manhajar Auto-Tune ta fito a 1997, kwamfuta na iya ɗaga sautin da ya gaza ta sauke wanda ya zarce, kuma duk mai sauraron waƙoƙin finafinan Hausa ya san amonta. Ban ga laifin kayan aiki ba. Damuwata ita ce matashin da bai taɓa horar da kunnensa ba saboda ya san za a gyara masa a sitidiyo. Manhajar yawan kaɗawa kawai take daidaitawa, ba ta koya wa kowa numfashi, kuma ranar biki a gaban jama'a ba kullum take nan ba.

Mukan ce wane Allah ya ba shi murya, kuma gaskiya ne, tsawon tantani da siffar kogo ba wanda ya zaɓa wa kansa. Amma kyautar tana lalacewa. Macen da ke riƙe sauti mai kaɗawa 220 a daƙiƙa, idan aka tara sa'a guda cur ta sauti, tantaninta ya gwabza da juna sau 792,000. Idan da ƙarfin tsiya ake gwabzawar, wurin haɗuwar kan kumbura, a kwana a tashi ya yi kanta, tantanin ya kasa rufewa. Wani lokaci ihu guda kan fasa ƙaramar hanyar jini. Irin wannan zubar jini ce ta sa mawaƙiyar Ingila Adele ta soke wasanninta a 2011 aka yi mata aiki a Amurka. Jenny Lind ta Suwidin ta je wa Garcia a 1841 da muryar da yawan aiki ya cinye tana da shekara 20 da ɗoriya. Abin da ya fara ba ta shi ne umarnin yin shiru na makonni, sannan ya koya mata numfashi daga tushe, ta dawo ta zama fitacciyar mawaƙiyar zamaninta.

Yanzu maganar zuma da man shanu da ɗanyen ƙwai da citta, waɗanda ake ba mawaƙa da masu wa'azi don gyaran murya. Mun ga cewa duk abin da aka haɗiye ta bayan maƙwallato yake wucewa, da ya taɓa tantanin da mutum ya ƙware. Zuma na iya sanyaya maƙoshi mai ƙaiƙayi, amma ba ta isa inda murya take. Cire beli ma ba ya maganin dishewa, don beli yana can sama nesa da tantanin. Abin da ke isa wurin shi ne abin da aka shaƙa da abin da jini ya kai: tururin ruwan zafi, da ruwan da aka sha tun sa'o'i kafin a fara. Ta wannan hanya hayaƙin taba da shisha da ƙurar hunturu su ma suke isa su busar da fatar. Ruwan tsamin ciki da ke tasowa idan an ci an kwanta nan take yana ƙona ta. Yawan gyaran murya da kakari gwabza tantanin ne, kuma wanda muryarsa ta dishe ya koma raɗa da ƙarfi bai hutar da ita ba.

Malaman makaranta, ladanai, alarammomi, masu talla, 'yan kamasho a tasha da zabiyoyi duk da wannan ɗan nama suke cin abinci, kuma raunin nasa sau da yawa ba ya zuwa da zafi, dishewa ce kawai alamarsa. Dishewar mura kan tafi cikin mako ɗaya ko biyu. Wadda ta wuce mako uku zuwa huɗu, musamman ga mai shan taba, tana iya zama alamar farko ta ciwon dajin maƙwallato, wanda ake warkarwa idan an kama shi da wuri. Mai irin wannan dishewa ya daina jiƙe-jiƙe, ya je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro a leƙa tantanin a gani.